Kwalliyar Gida Kafin Ciniki a Birnin Kano



A cikin tsohon birnin Kano, duk wanda ya ƙuduri sayar da gidan ƙasa, magini yake fara nema kafin dillali. Dalili kuwa shi ne, gidan da ke da matan aure baƙon namiji ba ya wuce zaure sai an yi masa iso. Saboda haka zaure da fuskar gida su ne ke fara yi wa mai gida talla. Sai a sabunta yaɓe, a shafe bango da makuba, a ta da zankon da ruwa ya cinye, a yi sabon daɓe, a bi ɗakuna da farar ƙasa.

Amma fa duk wannan ado ne. Lafiyar gidan ƙasa tana ga rufinsa. Mai saye gwani zai ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta shige ta, ya kuma duba ko indararo na watsa ruwa nesa da gindin bango. Shi ya sa mai sayarwa ya fi son a zo da rani, mai saye kuwa ya fi son watan Agusta, lokacin da yoyo ba ya ɓoyuwa. Wanda ya rufe tsaga da farar ƙasa ya yi shiru, algus ya yi, kuma a fiƙihun Malikiyya mai saye yana da ikon mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa.

Akwai kuma aibin da ido ba ya gani, wato gidan gadon da magada ba su gama rabawa ba. Wannan mai unguwa ake tambaya, tun kafin a yi maganar la'ada.