Birkin Tsohuwar Mota: Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

Shugaban ƙungiya, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, shugabannin tasha, direbobi da ƴan kamasho, da baƙinmu da suka taso daga Katsina da Jibiya, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana.

Ma'aji ya gama da lissafin kuɗi, ni kuma shugaba ya ba ni dama in yi magana kan abin da ya dame ni. Littafin taimakon gaggawa a hannuna yake, kuma sau da yawa idan na tambayi wanda ya zo neman taimako yadda hatsari ya faru, amsar ɗaya ce: birki ne ya ƙi. Shi ya sa na zauna da makanikan garejinmu, na tattaro abin da zan faɗa muku yau.

Bara da damina na biyo 504 ta wani ɗan ƙungiya daga Jibiya, an loda mata kaya har bisa. Mun wuce Ɗan Isa kaɗan sai amalanken shanu ya fito daga gona. Direba ya taka birki, mota ta fizge hagu, muka tsallaka hannun masu zuwa, muka sauka cikin rairayi. Allah ya sa babu mota tafe. Da makanike ya duba, ya tarar an lanƙwasa bututun birkin ƙafar gaba ta dama an matse shi da filaya, saboda ya taɓa yoyo. Wata uku motar tana tsayawa da ƙafa uku, kuma direban ya sani. Ya ce ai ya saba riƙe sitiyari.

Motocinmu tsofaffi ne: 504 da 505, J5, Hiace, Golf. Tsufansu ba laifi ba ne. Amma birki yana gargaɗi kafin ya mutu, kuma wanda ya san gargaɗin zai iya gane ciwon da ƙafarsa tun mota tana tasha.

Mu fara da birki mai rauni. Ka zauna, ka taka, ka lura da abin da ƙafarka take ji.

Idan ya yi laushi kamar soso, sai ka taka sau biyu ko uku kafin ya kama, galibi iska ce ta shiga bututu. Man birki ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka yake ƙarewa a hanya. Maganinsa cire iska, mutum biyu, ɗaya yana takawa ɗaya yana buɗe ɗan noti na kowace ƙafa. A yawancin motoci ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta. Amma ka tambayi kanka ta ina iskar ta shiga, don in akwai yoyo za ta dawo.

Idan ka riƙe shi da ƙafa sai ya riƙa nutsewa a hankali har ƙasa, ka duba robar mai. In mai ya ragu, bi bututu da bayan kowace taya ka nemi danshi. In mai bai ragu ba, robobin cikin masta ne suka gaji, mai yana zagayewa ta ciki. Wannan motar kada ta ɗauki fasinja sai an gyara.

Idan kuma ya yi tauri kamar dutse, kana takawa da ƙarfi mota ba ta tsayawa, ka zargi baƙar tukunyar iskar nan da ke bayan masta, ko tiyon da ke haɗa ta da inji. Gwajinta ba ya cin ko dala. Kashe inji, ka taka sau biyar, ka riƙe, sannan ka tayar da mota. In lafiya take, za ka ji birkin ya ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka. In bai motsa ba, akwai matsala.

Sai man birki kansa. Wanda motocinmu suke sha, DOT 3 ko DOT 4, yana jan ruwa daga iska. Sabon DOT 3 yana jure zafi har digiri 205 kafin ya tafasa, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa kusan digiri 140. Mota mai kaya, rana ta take, ga shingaye da tudun rage gudu a kowane ƙauye, sai man ya tafasa birki ya tafi ƙasa. Bayan ya huce ya dawo kamar babu abin da ya faru, mai mota ya ce sammu ne. A zubar da tsohon mai a sa sabo duk shekara 2, kuma a saye shi a rufe. Ina roƙonku don Allah, a daina zuba ruwan sabulu, ko baƙin mai, ko man giya a madadinsa. Ruwa yana tafasa ya kawo tsatsa, baƙin mai kuma yana kumbura robobi har sai an sake su gaba ɗaya.

Yanzu birkin da ke ja gefe ɗaya. Fara da abu mai sauƙi, iskar taya, don in ba ta yi daidai ba ita ma tana jan mota. In ta yi daidai, ku riƙe wannan: mota tana karkata ne wajen ƙafar da ta fi kamawa, saboda haka sau da yawa ciwon yana ɗaya gefen. Tamu ta fizge hagu ne domin dama ta mutu. Abubuwan da ake nema su ne fiston da tsatsa ya riƙe, fatar birki da mai ko giris ya jiƙa, da tiyon roba da ya ruɓe ta ciki alhali a waje yana da kyau. Bayan ɗan tafiya, ka sauka ka kusantar da hannu ga kowace ƙafa ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. Wadda ta fi sauran zafi tana maƙalewa. Wadda ta yi sanyi a gaba ba ta aiki. In kuma birki yana rawa ƙarƙashin ƙafa, faifai ko gangar baya ne suka ci ba daidai ba.

Fatar birki, wadda baƙinmu na Katsina ke ce wa fad, mu nan mu ce falaket, a sake ta idan ta kusa milimita 3, kada a jira ƙarfe ya fara kuka. Kuma a sake dama da hagu tare. Wanda ya sake gefe ɗaya don ya rage kuɗi, shi ya saya wa motarsa fizga. Fatar da ta sha mai ba a wanke ta da fetur a mayar, sai sabuwa, bayan an toshe inda man ya fito. Motar da birkin bayanta ganga ne, a riƙa ɗaure shi daidai a ɓangarorin biyu, hambirki ma ya kama.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, mu masu lodi. Yawancin motocin nan suna da wani ɗan bawul a baya mai auna nauyi. In mota ta zauna saboda kaya, sai ya ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki. To idan muka ƙara sifirin muka ɗaga baya don ta ɗauki buhunan albasa ko wake, bawul ɗin yana ɗauka motar ba kaya, sai ya bar wa gaba aikin. Duk wanda ya ƙara sifirin ya sa makanike ya daidaita wannan bawul, kada a cire shi, kada a ɗaure shi da waya.

Direbobi, ƴan uwana, ku tuna idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa yana ninka huɗu. Kuma in kun tsallaka korama da damina, ku tafi a hankali kuna ɗan taka birki har ya bushe.

Alhazai masu motoci, idan direba ya ce birki yana so a duba, kada a ce masa sai an dawo daga wannan lodi. Hajiyoyi masu kaya, kuna da iko ku tambaya kafin ku hau, kuɗinku ne da ranku.

Shawarar da nake miƙa wa shugabanni ita ce, kowace mota da ke lodi da sunan ƙungiya a gwada birkinta a fili kafin a rubuta ta a layi, a bayan tasha, a gudu kaɗan. Minti biyar ya isa. Wadda ta ja gefe ko ta nutse ta tafi gareji, layinta yana nan yana jiranta, ni zan riƙe mata shi a littafi.

Allah ya tsare hanyoyinmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a kasuwa.