Kafin Mu Sayi Maganin Rage Ƙiba Mai Tare Maiƙo

 

Da yawa daga cikinmu ƙiba ta fara damunmu: ga ciwon gwiwa, ga hawan jini, ga suga yana leƙowa. Shi ya sa ake ta tambaya a kan maganin nan orlistat, wanda ake sayarwa da sunan Xenical. Kafin wata ta zuba kuɗin adashinta a kai, bari mu san aikinsa.

A hanji yake aiki. Yana hana jiki narkar da kusan kashi ɗaya cikin uku na maiƙon da muka ci, sai ya fita a bayan gida. Iyakarsa ke nan fa. Ba ya rage yunwa, kuma ba ruwansa da tuwo, shinkafa, burodi ko sukarin shayi da lemon kwalba. Wadda ta sha shi ba ta rage malmala ba, ta yi asarar kuɗinta.

Ana shan ƙwaya ɗaya mai miligiram 120 tare da abinci mai mai, ko cikin awa ɗaya bayan an ci, kada a wuce sau uku a rana. In ba a ci ba, ko abincin babu mai, a tsallake.

To, ga inda ya shafe mu, mu masu tuyar ƙosai da masa da awara. In aka sha shi aka bi da soye-soye, man nan fita yake ba sallama, har ya ɓata zani a cikin mutane. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kusan giram 14. Mu daina tuttula mai daga kwalba, mu auna da cokali, mu ƙara zogale da rama da alayyafo.

Yana kuma rage wa jiki bitamin A, D, E da K, don haka ake shan ƙwayar bitamin lokacin kwanciya.

Mai ciki da mai shayarwa kada su sha. Mai shan maganin farfaɗiya, maƙoƙo, ƙanjamau ko na tsinka jini, ta gaya wa likita tukuna. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sani cewa gudawa mai tsanani na iya hana ƙwayar aiki.

In aka yi wata uku mace mai kilo 100 ba ta sauke kilo 5 ba, likita kan dakatar da shi. Mu fara zuwa asibiti a auna mu, mu saya a kantin magani mai rajista, mu duba lambar NAFDAC.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya nuna mana taron baɗi.