Sirrin Sojan da Yaƙi Ya Taɓa: Amanar da ke Wuyan Likita da Kwamanda da Mu

 

Wani zai ce me ya haɗa mai sayar da shanu a Gariki ta Enugu, ko ɗan kasuwar doya a Oyigbo, da lafiyar ƙwaƙwalwar soja? Amsar tana bakin ƙofarmu. Hedikwatar Runduna ta 82 tana Enugu, ta Runduna ta 6 tana Fatakwal, Anacha kuma na da barikin sojan atilare. Direban da ya ɗauko kaya daga Arewa yakan tsaya gaban mai bindiga a shinge bayan shinge kafin ya sauke lodi, kuma lafiyarsa ta rataya ne ga natsuwar wannan mai bindigar. Ban da haka, aikin soja ba baƙo ba ne a gidajenmu. Dakarun da hafsan Birtaniya Glover ya tara a Legas a 1863, waɗanda ake ɗauka su ne tushen sojan Nijeriya, da sunan Hausawa aka san su. Da yawa daga masu kakin da ke bin sahu tare da mu ranar Juma'a 'ya'yanmu ne da ƙannenmu.

Tun 2009 ƙasar nan take yaƙi a Arewa maso Gabas, kuma daga barikokin Kudu ma ake kwasar mutane zuwa bakin daga. Wasu sukan dawo da rauni a jiki, kowa ya gani ya ce sannu. Wasu kuwa jiki garau, amma barci ya ƙaurace musu, ƙarar fashewar taya ta sa su kwanta ƙasa, fushi ya riƙa zuwa ba dalili, har mutum ya koma neman sauƙi a wiwi ko Tramol. Likitocin Amurka sun ba wannan ciwo na firgita bayan bala'i suna a hukumance a 1980, bayan yaƙin Biyetnam. Kafin a gane shi an yi ɓarna mai yawa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta harbe sojoji 306 nata da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta bisa laifuka irin su gudu da ragwanta, alhali ana kyautata zaton cikinsu akwai marasa lafiya. Sai a 2006 ta yi musu afuwa, shekara kusan casa'in bayan an binne su.

Ga abin da nake son kafawa. Sojan da yaƙi ya taɓa wa hankali majinyaci ne, kuma haƙƙinsa na farko shi ne ya faɗa wa likita damuwarsa ba tare da maganar ta zama makamin da za a sare shi da shi ba. Wahalar ita ce likitan soja yana da iyayengiji biyu. Ya yi rantsuwar riƙe sirrin mara lafiya, amma shi ma hafsa ne mai karɓar oda daga sama. Kofur ɗin da ke zaune gabansa ya san haka sarai. Ya san kalma ɗaya na iya shiga fayil ta tsayar masa da ƙarin igiya, ko a riƙa nuna shi a bariki ana cewa kansa ya kwance, ko a sallame shi da wuri ga iyali ga haya. Don haka sai ya yi shiru, ya ɗauki bindigarsa ya koma shinge. Tsarin da ke sa mara lafiya ɓoye ciwonsa bai kare kowa ba, balle matarsa da 'ya'yansa, balle direban da zai gamu da shi da tsakar dare.

Doka ta yi rabin tafiya. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam, na 37 ya kare sirrinsa, kuma sanya kaki ba ya soke zama ɗan ƙasa. A farkon 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi sirri da neman yardar majinyaci da hana wariya. Sai dai dokar soja tana hukunta gudu da ragwanta da ciwon ƙarya, alhali mai firgita na gaske yana iya kama da mai waɗannan laifuka a idon wanda ba likita ba. Hukuncin kuwa ba na wasa ba ne. A 2014 kotunan soja sun yanke wa gomman sojoji hukuncin kisa kan bore da ƙin bin umarni a yaƙin Arewa maso Gabas, aka mai da na 66 ɗaurin shekara goma a 2015. Su hujjarsu ƙarancin makamai ce, na kawo su ne kawai don a ga nauyin abin da ke gaban wanda aka gurfanar. Ƙari a kan haka, sashe na 327 na dokar manyan laifuka ta Kudu ya mai da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin shekara ɗaya. Wanda ya kai wannan gaɓa likita yake buƙata, ba gadirum ba.

Na san abin da hafsoshi za su ce, kuma maganarsu na da nauyi: idan aka buɗe wannan ƙofa, duk mai tsoron daji zai ce kansa na ciwo. To, ai tantance na gaske da na ƙarya aikin ƙwararre ne, kuma kuskuren barin maƙaryaci ɗaya ya huta wata guda bai kai na tura mara lafiya da harsashi cikin jama'a ba. Za su kuma ce dole kwamanda ya san halin mutanensa. Gaskiya ne, amma abin da yake buƙata kaɗan ne: wannan zai iya riƙe makami yanzu ko ba zai iya ba, kuma zuwa yaushe. Abin da ya gani a daji, da abin da ke tsakaninsa da matarsa, su tsaya a ɗakin likita, sai fa in akwai haɗari bayyananne ga ransa ko na wani, nan ma a sanar da shi kafin a faɗa. Akwai kuma ƙorafi na uku, wanda ya fi fitowa daga cikinmu: wanda soja ya taɓa marinsa ko ya harbe masa ɗan'uwa zai ce yanzu kuma uzuri ake nema musu. Ba haka ba ne. Wanda ya zalunci farar hula a hukunta shi, a biya wanda aka zalunta. Duba lafiyarsa kafin shari'a yana taimaka wa alƙali ne ya san gaskiya, magani da wuri kuma yana rage yawan waɗanda za a zalunta gobe.

Saura namu kason. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, don haka tsohon soja da ya dawo unguwa liman zai fara gani kafin likita. Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu, amma addininmu ya yi umarni da neman magani, bai kuma halatta ɗaure mara lafiya da mari ko sa shi a turu ba. Irin wannan ɗaurin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019 ya isa ishara. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a New Haven ta Enugu, akwai na Rumuigbo a Fatakwal, akwai na Nawfia a jihar Anambra.

Ranku ya daɗe sarakunan Hausawa, idan kun zauna da kwamandojin barikokin da ke maƙwabtaka da ku, ku roƙi abu biyu a rubuce: a duba lafiyar ƙwaƙwalwar duk sojan da ya dawo daga bakin daga kafin a kai shi shinge, kuma kada a gurfanar da wanda ake zargi da gudu ko ragwanta sai likita mai zaman kansa ya gan shi. Malamai kuma, wanda ya zo muku da sirrinsa ku rufa masa asiri, ku yi masa addu'a, sannan ku raka shi asibiti.