WA KE AUNA MA'AUNI? Laccar da aka yi wa jama'a a Funtuwa



Duk manomin da ya taɓa kai auduga kasuwa ya san ba a sikeli rigima take ba, a hannun malamin awo take. To haka binciken dukiyar jama'a yake. Ana ta yi mana shelar an kafa kwamiti, an kama wane. Tambayarmu ita ce, shi mai binciken wa ke bincikensa?

Abin ba yau ya fara ba. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta sa wani Bature, Muffett, ya binciki baitulmalin En'e ta Kano. A 1963 Sarki Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare. Talakan da ya biya haraji da jangali, wa ya tara shi ya karanta masa lissafin? Manya suka gama a tsakaninsu.

Mu dawo gida. A 2017 hukumar EFCC ta kai tsohon Gwamna Ibrahim Shema kotu kan zargin Naira biliyan 11, kuɗin ƙananan hukumomi. Ku lura, Funtuwa da Malumfashi da Bakori suna cikin ƙananan hukumomi 34 na Katsina, wato kuɗinku ake magana. A 2023 Gwamnatin Jiha ta janye ƙarar. Ban ce ya ci ba, wannan aikin alƙali ne. Amma in bai ci ba, an ɓata masa suna shekara shida a banza. In kuwa kuɗi sun ɓata, ina suke? Ko ta wace fuska an cuci wani.

Ita kanta hukumar fa? Sau biyu Majalisar Dattawa ta ƙi Ibrahim Magu, aka bar shi yana riƙo. A 2020 aka dakatar da shi, kwamitin Mai Shari'a Ayo Salami ya miƙa rahoto, har Buhari ya sauka a 2023 ba a buga shi ba. Mutum guda ya naɗa, shi ya cire, shi ya ajiye takardar.

Saboda haka muna neman kowane rahoton bincike a buga shi, a fassara da Hausa. Duk ƙarar da za a janye, Babban Lauyan Gwamnati ya zo gaban Majalisa ya faɗi dalili. Ranar kasuwa ku tare ɗan majalisarku ku tambaye shi ko zai kai wannan magana.