Hayar Girgije: Ina Bayanan Zariya Suke Kwana?



Idan fasinjan Funtuwa ya miƙa wa mai POS kati a ƙarƙashin gadar Kwangila, saƙo kan bi intanet zuwa manyan kwamfutoci a wata cibiya mai nisa, amsa ta dawo kafin direba ya gama lodi. Wannan shi ne tsarin girgije: kamfani ya tara dubban kwamfutoci wuri guda, wasu su karɓi hayar ma'aji da manhaja, su riƙa biya wata-wata, kamar mai hayar shago. Amazon ne ya buɗe kasuwar sosai a 2006, Google da Microsoft suka biyo baya.

Amfaninsa a fili yake. Ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello da aka sace wa waya ana gab da miƙa kundin digiri za ta iske aikinta lafiya lau, muddin ta ajiye shi a Google Drive. Ƙaramin asibiti kuma ba sai ya sayi injin da zai yi ta ciyarwa da gas dare da rana ba.

Sai dai mai gida ne ke yanka kuɗin haya, kuma da dala yake lissafi. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ke nan hayar da ba ta ƙaru da ko sisi a Amurka ba ta ninka sau uku a nan. Sharaɗi ma yana sauyawa. Google ya daɗe yana bai wa makarantu ma'aji marar iyaka kyauta, a 2022 ya sa masa iyaka. Ga kuma nisa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna da dama suka tsaya cak a Najeriya, ciniki ya koma sai mai tsabar kuɗi.

Ba a zauna haka nan ba. Hukumar NITDA ta fitar da manufar girgije ta ƙasa a 2019, an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a 2023, kamfanin gwamnati Galaxy Backbone kuma yana da cibiyoyin bayanai a Abuja da Kano. Amma mafi yawan cibiyoyin 'yan kasuwa a Legas suke, kuma wannan abin damuwa ne ga Arewa.

Saboda haka duk shugaban makaranta ko asibiti a Zariya, kafin ya sa hannu kan takardar haya, ya tambayi ƙasar da za a ajiye bayanan, da irin kuɗin da za a biya da shi, da yadda zai kwashe kayansa ranar da ya so tashi. Ya kuma riƙe kwafi guda a ofishinsa.