Bayan Likita Ya Faɗi Sunan Abin, Sai Me?



Waɗanda muka kwana ɗaki ɗaya da su a makarantar nan za su tuna da yarinyar da ake kira miskila, wadda kan toshe kunnuwa in an kaɗa ƙararrawa, ta gudu daga hayaniyar ɗakin cin abinci ta ɓuya a laburare. To, ni ce. Na gama jami'a, na kama aikin gwamnati, na yi aure na haihu, sai bara, ina da shekara 37, likita ya shaida mini ina da otizim, wato lalurar da wasu ke kira galahanga.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun farkon rayuwa. Yana shafar mu'amala da mutane, da yadda jiki ke karɓar ƙara da haske da taɓi. Ba aljanu ba ne, kuma bincike ya nuna allurar rigakafi ba ta kawo shi. Da Dokta Leo Kanner ya bayyana shi a Amurka a 1943, yara 11 ya duba, 8 maza, 3 mata. An daɗe ana cewa duk maza 4 mace 1 ce, amma wani nazari na 2017 ya nuna abin ya fi kusa da 3 da 1, wato ana tsallake mata. Dalili kuwa, mace kan kwaikwayi sa'o'inta, ta haddace gaisuwa da murmushi, ta ɓoye wahalarta. A nan gida ma shirunta yabo yake jawo mata, a ce mai kunya ce. Mawaƙiyar nan ta Birtaniya, Susan Boyle, sai da ta haura 50 aka gano nata, ta kuma sanar a 2013.

To, in an faɗa miki, sai me?

Na farko, ki ba kanki lokaci. Ni dai daɗi na fara ji, daga baya na yi ta kukan shekarun da na ɓata ina zargin kaina da mugun hali. Kada ki yanke wata babbar shawara kan aure ko aiki a cikin watannin farko.

Na biyu, ki koma wurin likita. Babu maganin da ke warkar da otizim, duk wanda ya ce zai sayar miki da shi kuɗinki yake so. Amma abokan tafiyarsa, irin su fargaba da ciwon damuwa da rashin barci, suna da magani. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, duk suna da likitocin wannan fanni.

Na uku, ki zaɓi wanda za ki gaya wa. Maigidana na fara zaunarwa. Ya daɗe yana ɗaukar shiruna bayan na dawo ofis a matsayin fushi, alhali gajiya ce kawai. Yanzu rabin awa nake samu ni kaɗai a ɗaki kafin hidimar gida, kuma rigimarmu ta ragu ƙwarai. Sauran dangi kuwa, ba kowa ba ne sai ya ji.

Na huɗu, wurin aiki. Ki roƙi abu takamaimai. Ni na nemi a riƙa ba ni umarni a rubuce, a matsar da teburina daga kusa da janareta, a kuma sanar da ni taro tun ana gobe. Ko kwabo gwamnati ba ta kashe ba. Ki kuma sani akwai dokar 2018 da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019.

Na biyar, zumunci. Biki da suna ba su da ranar ƙarewa. Nakan je da sassafe in yi barka, in ba da gudummawata, in fito kafin a kunna lasifika. Zumunci bai yanke ba, ni ma ban kwanta jinya ba.

A ƙarshe, otizim kan bi dangi, saboda haka mu sa ido a kan 'ya'yanmu. Ina kuma roƙon wannan ƙungiya, ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 domin wayar da kai kan otizim, mu ɗauki nauyin kawo likita ya tattauna da malaman makarantarmu. Ina kyautata zaton yanzu haka akwai wata yarinya a ɗakin kwanan da na bari, ta toshe kunnuwa, ana ce mata miskila. Kada mu bari ita ma ta jira shekara 37.