Motar da ke Ba da Shaida a Kan Kanta



Duk wanda ya tuƙa motar da aka ƙera cikin shekaru talatin ɗin nan ya san wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji, wadda kan kama a gaban direba ba sallama. A garejinmu cek ake ce mata, kuma maganinta ɗaya ne a bakin jama'a: a kai motar a sa mata kwamfuta. Bayan wannan fitila akwai tsarin da mota ke binciken kanta da shi, wanda aka sani da OBD. Abin da na zo karewa a gabanku shi ne, wannan tsari mai ba da shaida ne, ba alƙali ba. Yana faɗin abin da ya gani, a kan batun da aka kira shi a kai, hukunci kuwa na hannun mutum. Yawancin asarar da masu mota ke yi a kansa daga rashin bambance waɗannan biyun take fitowa.

Wa ya kira wannan shaida, kuma a kan wace ƙara? Masu mota ba su nema ba, makanikai ma haka. Asalin maganar hayaƙin birnin Los Angeles ne. A farkon shekarun 1950 Arie Haagen-Smit, masanin sinadarai a jami'ar Caltech, ya nuna cewa hazon da ke sa idon mazauna birnin yaji yana samuwa ne idan hasken rana ya bugi tururin fetur da iskar da ke fita daga salansar motoci. A 1967 jihar Kalifoniya ta kafa hukumar kula da tsabtar iska, kuma shi ya fara shugabantarta. Daga 1975 aka soma sanya wa motocin Amurka matatar hayaƙi a cikin salansa, mai ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam. Sai dai hukuma ta lura da wani giɓi. Mota kan ci jarrabawar hayaƙi ranar da ta fito daga masana'anta, sannan ta shafe shekara goma ko ashirin a kan titi ba mai sake dubanta. Matatar na iya mutuwa, motar ta ci gaba da gudu lafiya lau, mai ita bai san komai ba. Mafitar ita ce a tilasta wa motar ta riƙa sa wa kanta ido.

Da ma kamfanoni sun soma nasu. A farkon shekarun 1980 General Motors ta sanya wata kafa da ake haɗa bakinta biyu da guntun waya, sai fitilar ta riƙa ƙiftawa, makanike yana ƙirga ƙiftawar ya gane lambar matsalar. Amma kowane kamfani da irin kafarsa da irin lambobinsa, na'urar Ford ba ta jin yaren Toyota. Abin da ya sauya komai shi ne dokar da ta wajabta tsari na biyu, OBD-II, a kan duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka daga ƙirar 1996. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, a 2004 ga masu gas. Daga nan kafa ta zama guda, mai baki 16, a ƙarƙashin sitiyari ko kusa da shi, lambobin ma suka zama bai ɗaya: harafi guda da alƙaluma huɗu, P na inji da giya, B na gangar jiki, C na ƙafa da birki, U na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Lambar da ta fara da P0 ma'anarta ɗaya ce a Honda da Fijo da Marsandi.

Wannan tarihi yana da sakamako a aikace. Ƙa'idar kunna fitilar ita ce a samu matsalar da za ta iya sa hayaƙi ya wuce ninki ɗaya da rabi na abin da doka ta yarda. Saboda haka murfin tankin mai da ba a ɗaure da kyau ba yana iya kunna ta, domin tsarin na gano ɓular da ba ta wuce rabin milimita ba a hanyar tururin fetur. Taya da ta suɗe kuwa, ko ƙafar gaba da ta saki, abubuwan da ke kashe mutane a hanyar Kano zuwa Zariya, ba ruwan fitilar da su. Wanda ya ce motarsa lafiya ƙalau take don cek bai kama ba ya ɗora wa shaidan maganar da ba a tambaye shi ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan yadda kwamfutar ke sanin abin da ta sani, domin nan ne zuciyar maganar. Ba ta ganin cikin inji. Lantarki kawai take karɓa daga sansa, ta kwatanta da abin da take tsammani. Ɗauki lambar P0420, wadda ke cewa aikin matatar hayaƙi ya gaza. Akwai sansar iskar oksijin kafin matatar, akwai wata bayanta. Ta gaba kullum cikin hawa da sauka take, domin kwamfutar na ta gyara cakuɗar iska da fetur a kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai. Lafiyayyar matata tana riƙe oksijin, don haka ta bayan kan nutsu. Idan ta baya ta soma kwaikwayon ta gaba, sai kwamfutar ta ce matata ta gaza. To amma salansa mai ɓula kusa da sansar na iya haifar da wannan alama, sansar da ta tsufa ma haka. Ko da matatar ce ta mutu, da wuya ta mutu don kanta: galibi ɗanyen fetur daga silindar da ba ta cin wuta ne ya ƙona ta, ko baƙin mai da injin ke sha ya toshe ta. A sa sabuwa ba a gyara sanadin ba, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Haka P0301, wadda ke cewa silinda ta ɗaya na fashin wuta. Kwamfutar ta gane haka ne daga saurin juyawar karanshaf: duk fashewar mai a silinda tana ɗan tunkuɗa shi, idan wata ta yi fashi sai ya ɗan yi sanyi na ƙiftawar ido. Ta san silindar, ba ta san dalili ba. Filogi ne, ko kwayil, ko nozul, ko bawul da ya ƙone, ko waya da ɓera ya ci? P0171 kuma cewa take iska ta fi mai yawa, kuma sau da yawa sai a ga an canza sansar oksijin, wato an hukunta wanda ya kawo rahoto, alhali tiyo ne ya tsage yana zuƙo iska, ko famfon mai ya yi rauni. Tsarin yana da tsantseni irin nasa, in an karance shi da kyau. Yawancin matsaloli sai sun bayyana a tafiya biyu a jere kafin fitilar ta kama. Yana adana hoton halin da injin ke ciki lokacin da abin ya faru: zafinsa, gudunsa, nauyin da ke kansa. Idan fitilar na ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, fashin wutar ya kai wanda zai lalata matata nan take, kuma wannan ne lokacin da ya kamata a gangara gefen titi.

Nan wani dattijon makanike zai ce, mu da muka gyara Fijo 504 da kunne da hanci, me za mu yi da wannan? Ƙorafinsa na da tushe, domin kunnen nan har gobe yana jin abin da sansa ba ta ji. Amma injin kafireto da ya saba da shi ba ya ɓoye ciwonsa. Injin zamani yana ɓoyewa, domin kwamfutar na ƙara mai ko ta rage don ta rufe giɓin, motar ta yi shiru kamar ba komai har sai gyaran ya kai iyakarsa. Girman wannan gyara a rubuce yake a cikin kwamfutar, kunne ba ya kai gare shi. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai matashin da ya sayi 'yar na'ura mai araha da ke magana da wayar hannu, akasari kwaikwayon wata ƙirar Kanada mai suna ELM327, ya ɗauka ya gama koyon sana'a. Ya karanta lamba, ya tura mai mota kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya sayo kaya, in bai yi ba ya tura shi ya sayo wani. A ganina wannan ya fi dattijon ɓarna, domin shi dattijon ya san iyakar saninsa.

Akwai kuma masu goge lamba kafin su sayar da mota. Masu tsara dokar sun hango su. Duk lokacin da aka goge lambobi ko aka cire batir, alamomin da ke nuna kwamfutar ta kammala gwaje-gwajenta su ma suna gogewa, ba sa dawowa sai an yi tafiya mai ɗan tsawo a yanayi daban-daban. Mai sayen da ya ga ba lamba ko ɗaya, amma gwajin matata da na tururin mai duk ba su kammalu ba, ya san an share fage ne dab da zuwansa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna ƙananan motoci na hannu miliyan 14 ne suka fita daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Motar Beljiyam da ta sauka Kwatano ko Legas tana zuwa da tarihinta a cikinta, ga wanda ya iya tambaya.

Wani zai ce, ai don iskar Kalifoniya aka yi fitilar, mu da muke cire matatar, wadda ake kira indomi, a sayar, a liƙe fitilar da baƙin salatif, me ya dame mu? Amsa ta farko, huhun yaron da ke talla a bakin danja bai bambanta da na yaron Los Angeles ba. Ta biyu kuma ta aljihu ce. Injin da ke fitar da ƙazamin hayaƙi injin ne da ba ya ƙona mansa daidai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowa ya san abin da lita ke nufi. Sannan fitilar ɗaya ce tak. Idan ta daɗe a kunne saboda tsohuwar matsalar da aka yi biris da ita, ba ta da hanyar sanar da sabuwa.

Suka mafi nauyi ita ce wadda ta fito daga Volkswagen. A ranar 18 ga Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta zargi kamfanin da sanya wa motocinsa masu gas manhajar da ke gane lokacin da ake gwaji, ta tsabtace hayaƙi, in an koma titi ta saki. Wasu iskoki masu guba sun kai ninki 40 na ƙa'ida, kuma kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 ne abin ya shafa a duniya. Duk tsawon shekarun da motocin suka yi a kan titi, cek bai kama a kan wannan ba. To ina amfanin shaidan da wanda ake tuhuma ne ya koya masa magana? Ban ga wannan ya rushe hujjata ba, sai ma ya nuna iyakarta. Kwamfutar da ke sarrafa inji ita ce ke binciken injin, kuma mai ƙera motar ne ya rubuta duka biyun. Tana kama lalacewa, ba ta kama abin da aka yi da gangan. Waɗanda suka tona asirin masu bincike ne daga jami'ar West Virginia, da suka ɗaura wa motocin na'urar auna hayaƙi suka shiga titi da su a zahiri. Dole a samu ma'auni daga waje, kuma dole mutanen da ba na kamfanin ba su iya yi wa motar tambaya.

Wannan damar tambaya ce yanzu ake ja-in-ja a kai. Dokar OBD-II ta buɗe bayanan hayaƙi ne kawai ga kowa, na birki da jakar iska da makulli sun kasance a hannun kamfani. Jihar Massachusetts ta kafa dokar 'yancin gyara a 2012, a 2020 kuma kusan kashi 75 cikin ɗari na masu zaɓenta suka amince a faɗaɗa ta zuwa bayanan da mota ke aika wa kamfani ta iska, kamfanonin suka garzaya kotu aka shafe shekaru ana shari'a. Hujjarsu tsaro ce, kuma ba ƙarya suka yi ba: a 2015 Charlie Miller da Chris Valasek sun kutsa cikin wata Jeep Cherokee daga nesa tana tafiya, abin da ya sa aka janye motoci miliyan 1.4 don gyara. Amma ta rediyon motar mai haɗe da layin waya suka shiga, ba ta kafar da ke ƙarƙashin sitiyari ba. Duk da haka daga 2018 kamfanin da ke ƙera Jeep ya sanya shinge a kan kafar, ta yadda karanta lamba na nan a buɗe, amma goge ta ko umartar wani sashe ya motsa don gwaji sai da na'urar da aka amince da ita, da rajista ta intanet, da kuɗin shekara. Wasu kamfanonin sun bi wannan hanya. Motocin da ke da irin wannan shinge su ne na hannun da ke shigowa kasuwanninmu yanzu da nan gaba, zuwa garejin da ba shi da wakilin kamfani ko a nisan kilomita ɗari biyar. Mota mai lantarki kuwa, da yake ba ta da salansa, dokar 1996 ba ta hau kanta ba tun farko, kuma lafiyar batirinta, wanda shi ne mafi tsada a jikinta, kowane kamfani da yarensa yake rubuta ta.